Baƙon da Ya Ƙi Fita Daga Kwamfutocin Mama Rifkatu

Ba a yin sati guda wani a cikinku bai leƙo shagona nan Tudun Wada ya ce, "Baba Isa, a koya mini gyaran kwamfuta mana, wata biyu ai ya isa" ba. Wata biyu! In na ce wa ya gaya maka haka, sai a zaro waya a nuna mini, wai komai yana ciki, ka kalli bidiyo ka danna inda mutumin ya danna, shi ke nan ka zama injiniya. To ku jawo benci. Ba zan ba ku labarin ayyukan da na yi aka yaba mini ba, don waɗannan ba sa koya wa kowa komai. Labarin wani haɗi guda ɗaya zan ba ku, wanda ya ƙi kashuwa ya ƙi goguwa, da matar da ya cinye wa wahalar shekara talatin da biyar.

Ga wanda bai sani ba, haɗi shi ne hanyar da kwamfuta ke bi ta yi magana da wata kwamfutar, ko da intanet. Kowane haɗi yana da ɗan hotonsa a allo. In ba ka son sa, ka ɗora linzami a kai, ka zaɓi kashewa ko gogewa, ya tafi. Haka ake koya wa kowa a makon farko, kuma kusan kullum hakan ne ke faruwa.

Aikin farko da Oga Bulus ya ba ni, lokacin da aka kai ni koyo shagonsa a Kakuri, shi ne sa wa kebul kai. Ka feɗe bayan kebul, siraran wayoyi takwas su fito kowace da launinta, ka jera su bisa tsari, ka datse bakinsu daidai, ka tura cikin ɗan kan roba, ka matse da filaya. Sai Oga ya cusa a testa, wani ɗan akwati mai fitila takwas. In fitila ɗaya ta ƙi kamawa, almakashi zai sa ya datse kan ya miƙo maka kebul ɗin. Wata uku na yi ina wannan, ko kibod ban taɓa ba. Daga nan aka ƙara mini girma aka ba ni bulowa, ina hure dattin cikin kwamfutocin kafe, wato shagunan intanet, har majinata ta koma baƙa. Lokacin kafe ke tashe. In haɗi ya yanke, mutum ashirin ne za su juyo su zuba maka ido a tare, sai ka rantse kai ka ɗauke wuta.

Abu mafi daraja a shagon Oga ba filaya ba ce, ba kuma testa ba. Wani faifai ne da yake naɗewa a cikin safa ya ajiye a aljihun tebur, muna ce masa uwa. In an kawo maka kwamfuta ashirin, ba mai zama ya ɗora wa kowace manhajojinta ɗaya bayan ɗaya, ga tsadar data, ga wutar da ba ta zama. Sai ka haɗa guda ɗaya ta yi kyau, ka kwafe cikinta gaba ɗaya a faifai, ka riƙa juye shi a sauran. Duk abin da ke cikin uwa sai 'ya'yan sun gada, mai kyau da mara kyau. Tela keken ɗinki ake ba shi ranar yaye, mu kuwa kwafin uwa. Da Oga ya miƙo mini nawa bai saki nan da nan ba, ya ce, "Isa, wannan za ta tsufa, wata rana za ka haɗa taka. In za ka haɗa, daga faifai wayam za ka fara, da hannunka, ka san duk abin da ya shiga. Kada ka taɓa yin uwa da cikin kwamfutar wani." Na ce to, Oga. Kuma na daɗe ina riƙe da maganar.

Wani Alhaji ɗan kasuwa a Makera ne ya sauke kwamfutocin tebur 'yan Beljiyam, wato na hannu daga Turai, ya kira ni in duba masa lafiyarsu. Yawanci a goge suke zuwa. Guda ɗaya kuwa ta zo da cikinta cif, daga wani ofis can ƙasar Turawa, ko kalmar sirri ba ta tambaye ni ba. Ban taɓa kunna kwamfuta mai santsi irinta ba. Komai na asali, komai a jere, tana tashi kafin ka ajiye kofin shayi. Uwar da nake aiki da ita a lokacin ta tsufa, haɗa sabuwa kuma aikin kwana uku ne. Na ce wa kaina ai Turawa sun gama mini aiki. Cikin awa ɗaya na kwafe ta.

Tun a ranar na ga haɗin da nake ba ku labari, kada ku zaci ɓuya ya yi mini. Kusa da haɗin kebul na gaskiya akwai na biyu, da hoton ɗan makulli a jikinsa da wasu haruffa da ba su ba da suna ba. Irin hanyar da kamfanoni ke buɗe wa ma'aikatansu ce don su shiga ofis daga nesa. Na gwada kashe shi sau ɗaya, ya ƙi, na ɗaga kafaɗa. Ba ya cin data, ba ya rage gudu, ba ya kaiwa ko'ina, kamfanin ma wa ya sani ko yana raye. Na raɗa masa suna baƙo. Shekara shida ina juye shi a shagunan buga takardu na Barnawa, da wata makaranta a Sabon Tasha, da kantunan magani, ba wanda ya taɓa cewa mene ne wannan.

Mama Rifkatu ce ta fara tambaya. Tsohuwar malamar makaranta ce, mutuniyar kudancin jiha, ta yi shekara talatin da biyar tana koyarwa kafin ta yi ritaya. Duk Narayi an san ta da abu ɗaya: in ita ke tsaron jarrabawa, ko ɗan cikinta bai isa ya waiwaya ba. Manyan mutane masu iyali har yanzu in sun hango ta gyara tsayuwa suke yi. Da aka ba ta haƙƙinta na barin aiki, ba ta sayi mota ba, ba ta koma ƙauye ba. Ta haɗa da filin da ta sayar ta gina zaure a Narayi, tana so wata hukuma mai shirya jarrabawa a kan kwamfuta ta amince da shi ya zama cibiya. Ta ce ta gaji da ganin yaran unguwa suna tsallaka kogi da sassafe, wasu su isa an rufe ƙofa. In hukumar ta amince, zauren ya tsaya da ƙafarsa. In ba ta amince ba, ɗaki ne kawai cike da ƙarafa.

Kwamfuta hamsin da uku muka jera, domin ƙa'ida ta ce sai hamsin masu aiki, ukun na ko-ta-kwana ne. Na ja kebul cikin bututun roba a jikin bango, kowane na manna masa lamba, duka suka haɗu a babbar kwamfuta da ke ƙuryar zaure. Ita kuma tana bina da tef tana auna tazarar tebur da tebur, wai kada wuyan ɗalibi ya kai allon wani. Juye uwa kwana biyu kacal ya ɗauke ni. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ga allo hamsin da uku sun haska iri ɗaya, ta tafa hannu ta ce, "Injiniya, hannunka yana da albarka." Ta aika aka kawo mini kunun zaƙi mai sanyi, na sha ina jin kaina.

Mutanen hukuma sau biyu suke zuwa. Na farko suka zo suka ɗora manhajarsu, suka ba kowace kwamfuta lamba da ke ɗaure a cikinta. Suka ce kada mu goge ko ɗaya, in an goge lambar ta tafi. Suka bar takardar ƙa'idoji, da lambar waya a ƙasanta ga mai matsala, suka ce bayan kwana takwas masu dubawa za su zo.

Kun san malamin makaranta da takarda. Washegari Mama ta sa tabarau, ta ɗora rula a kan layi na farko, ta ce in riƙa nuna mata komai da ido. Janareta, ga shi. Batura, ga su. Fanka, ƙofar fita, banɗaki. Sai rula ta sauka a kan wani layi: kowace kwamfuta haɗi ɗaya tak za ta kasance da shi, wanda ke zuwa babbar kwamfutar zaure, kada a samu wata hanya ta fita waje. Na buɗe mata wurin haɗi a kwamfuta ta farko.

Ta ce, "Wannan ɗaya. Wannan na biyun fa, mai makulli?"

Na ce, "Ba komai ba ne, Mama. Aikin minti biyar."

Na ɗora linzami na zaɓi kashewa. Wani ɗan akwati ya fito da Turancinsa, wai ba zai yiwu a kashe wannan haɗin a yanzu ba, mai yiwuwa wani ne daban ya kunna shi, ko kuma na'urar ce da kanta. Wani daban! Ni kaɗai ne zaune a gabanta. Na nemi gogewa, kalmar ta dushe, ba ta ma dannuwa. Na shiga inda ake jera duk sassan kwamfuta, na same shi, na cire. Ya ɓace. Na yi murmushi na kashe na kunna, ta tashi, ga shi nan zaune a mazauninsa da makullinsa. Mama ta cire tabarau ta ce, "Minti biyar ɗin naka na agogon wace ƙasa ne?" Muka yi dariya. Ita ce dariyar ƙarshe da na ji a zauren nan.

Kwana uku na yi a gaban kwamfuta mai lamba ɗaya, daga safe har la'asar, ba na tashi sai salla. Duk abin da bidiyonku ke cewa na yi, da wanda ba su sani ba. Na tashe ta a yanayin gyara, inda ba abin da ke motsi sai dole, ya ƙi. Na gano ɗan shirin da ke gadinsa a bayan fage, wanda ke mayar da shi duk lokacin da aka cire, na ce bari in tsayar da mai gadin. Sai ya nemi kalmar sirrin shugaban ofis. Wane shugaba? Wani Bature da ban san sunansa ba, a garin da ban san sunansa ba, wanda wataƙila ya daɗe da barin aikin. Na shiga kundin ciki inda kwamfuta ke rubuta duk ƙa'idojinta, na nemi in share layinsa, ta ce ba ni da izini. Ni da na ja kebul ɗinta da hannuna, ni ne ba ni da izini.

A rana ta huɗu na yi abin da mai gyara ke yi in ya fusata, na sa ƙarfi. Na zare faifan ɗaya daga cikin na ko-ta-kwana, na jona shi a kwamfutata, na bi fayilolin baƙon ɗaya ɗaya na share. Na mayar na kunna. Baƙo ya tafi, har na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi. Sai na lura haɗin gaskiyar ma ya mutu. Ashe tun can an saƙa su tare, duk abin da zai bi kebul sai ya ratsa ta cikin baƙon. Testa ta nuna fitila takwas lafiya lau, amma kwamfuta ba ta ganin babbar. Maganinta ɗaya, a goge a sake, gogewa kuma na nufin lambar hukuma ta tafi. Mai hankali zai tsaya nan. Ni na ce tabbas fayil ɗaya na share da bai kamata ba, na ɗauko ta biyu. Ta mutu. Na ɗauko ta uku.

Mama ta zo ta tsaya a kaina, ta ƙirga da yatsa ta ce, "Injiniya, saura hamsin cif. Abeg, kada ka ƙara taɓa ko ɗaya." Ta ɗauko takardar ta nuna mini lambar wayar da ke ƙasa. "Mu kira su mu faɗa musu gaskiya."

A nan nake so ku buɗe kunne, don wannan ba ya cikin bidiyo. A sana'armu akwai kalmar da ba ma furtawa, ita ce "ban iya ba". Mai gyara zai ce kayan ne jabu, zai ce wuta ce, zai ce a dawo gobe, amma ba zai ce abin ya fi ƙarfinsa ba, balle a gaban jami'ai. Haka muka tarar, haka muke yi, don mun ɗauka ranar da ka faɗa ranar kwastoma zai tsallaka shagon gaba. Kuma in an kira hukuma, tambayar farko ita ce daga ina wannan abu ya shigo, amsar kuma tana cikin jakata a naɗe cikin safa. Sai na ce, "Mama, in kika kira su kin tona wa kanki asiri. Mutanen nan dalili suke nema. Ki ba ni kwana biyu." Ta yarda, don ni ne injiniya.

Na hau babur na tafi Mahuta wurin Oga Bulus. Ya tsufa, ido ya tafi, yana zaune a gindin mangwaro da rediyo a cinya. Da muryata ya gane ni. Na zayyana masa komai kamar matsalar wani ce nake ba shi labari. Bai tambaye ni irin kwamfutar ba, bai tambayi abin da na gwada ba.

Ya ce, "Uwar, da hannunka ka haɗa ta?"

Na yi shiru.

Ya ce, "Na ji amsa." Ya rage muryar rediyo. "Abin da wani ya kulle da makullinsa, Isa, kai ba za ka buɗe ba. Ka koma ka gaya wa matar nan kai ne. Ku kira masu jarrabawar tun yau."

Na ce, "Oga, sunana fa?"

Ya ce, "Ita ba ta da suna ne?"

Na yi masa sallama raina a ɓace, ina cewa a zuci tsoho bai san yadda aiki ya koma ba. A kan hanya, daidai inda titi ya lalace ake rage gudu, dabara ta faɗo mini. Ban iya kashe shi ba, ban iya goge shi ba, amma zan iya hana hotonsa fitowa. Yana nan a ciki, sai dai duk wanda ya buɗe wurin haɗi ɗaya zai gani.

Saura kwana biyu na faɗa mata dabarar. Tana zaune a kujerar mai tsaron jarrabawa da ta sa aka yi mata a gaban zaure, mai ɗan tudu don ta riƙa hango kowa. Ta saurare ni har na gama.

Sannan ta ce, "Ka san shekara nawa na yi ina ƙwace takarda a hannun yara saboda ɓoye-ɓoye?"

Na ce, "Mama, wannan ba maguɗi ba ne. Hanyar a toshe take, ba inda take kaiwa."

"Wani yaro zai iya bi ta nan ya samo amsa?"

"Wallahi ba zai iya ba."

Gaskiya na faɗa, kuma da gaskiyar nan na ja ta cikin rami. Ta dubi allunan, ta dubi rufin da ta sayar da fili ta yi, ta ce a hankali, "To yi." Ta tashi ta fita ta zauna a kan dakali a waje, cikin rana, har na gama duka hamsin ɗin ba ta shigo ba. Ban gaya mata daga jakata abin ya fito ba.

Ranar dubawa mutum uku suka zo, amma aikin kwamfuta wata matashiyar jami'a ce ta yi shi, 'yar siririya mai ƙaramar jaka. Ta rusuna ta gaida Mama. Ni ina tsaye a gefe da filaya a aljihu, ina jira ta buɗe wurin hotunan. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta buɗe baƙin allo, ta buga wasu 'yan kalmomi, kwamfuta ta lissafo mata duk hanyoyin da ke cikinta, na fili da na ɓoye. Biyu. Na san umarnin nan, ni ma ina bugawa kullum, amma tsabar son dabarata ta ci sai na manta wani ma ya iya. Ta matsa ta gaba, biyu. Sai a lokacin ta buɗe wurin hotuna, ta ga ɗaya. Ta ajiye biro.

Ta ce, "Wa ya ɓoye wannan?"

Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma ba abin da ya fito.

Mama ta ce, "Ni ce mai wurin. Ni na ce a yi."

Jami'ar ta dube ta kamar za ta yi kuka. Ta ce, "Haba Mama. Me ya sa ba ku kira mu ba? Muna ganin irin wannan a tsofaffin kwamfutocin ofis. Da kun faɗa, izini za a ba ku ku goge, a turo wani ya sake sa lamba, aikin yini ɗaya. Amma abin da aka ɓoye, dole in rubuta an ɓoye." Ta rubuta. A ƙa'idarsu, wanda ya gaza a kan kayan aiki ana ba shi dama ya gyara. Wanda aka kama da ɓoyewa cire sunansa ake yi, ba na wannan shekarar kaɗai ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata, kuma abin da ya sa ta zama muguwa zai ba ku mamaki: aiki bai ragu mini ba ko kaɗan. Ba wanda ya san ni ne. Mama ba ta ambaci sunana ga kowa ba. Labarin da ya zagaya Narayi shi ne tsohuwar malama ta buɗe ɓoyayyiyar hanya don ta riƙa sayar da amsa. Na ji da kunnena a wurin mai shayi, wani da ta taɓa ƙwace wa takarda yana cewa ashe duk tsananin nan na ganin ido ne. Ina zaune da kofi a hannu na ji, ban tanka ba. Na ji an ce ta ajiye shugabancin matan cocinsu da kanta. Kullum ina cewa gobe zan je in faɗi gaskiya, kullum gobe na zuwa da kwastoma. Ba ranar da na kwanta ban ji kunyar kaina ba, amma kunya ba ta taɓa kai ni Narayi ba.

Ku da kuke ganin danne-danne ne, ku sani kwamfuta ba ta da wuya. Abin da ta ƙi yau, wani ya san kansa, in ka tambaya. Wuyar tana wurin bakinka, a lokacin da mai kaya ke tsaye a kanka yana kiran ka injiniya. Ni shekara ashirin da wani abu na yi a sana'ar nan, na iya sa wa kebul kai ido a rufe, amma wannan ban koya ba, kuma ban ga alamar ku za ku koya a wata biyu ba.

Bayan kusan shekara ta kira ni a waya. Ta ce wata makaranta za ta sayi kwamfutocin, zauren kuma wani zai karɓa ya mai da shi ma'ajiyar buhuna. Ta ce, "Ka zo ka goge su tas kafin a ɗauka. Ba na so wani ya gaji abin nan a hannuna."

Na je da faifai sabo, wanda na haɗa daga wayam da hannuna. Ta rame, tabarau ya yi mata girma. Tebura duk ƙura, kujerarta mai tudu an juya ta an jingina da bango. Kafin in zauna na tsaya a gabanta na faɗa mata komai, kwamfutar Makera, da uwa, da shekara shida, da abin da Oga Bulus ya ce in yi na ƙi. Na ce in ta yarda zan bi ta coci ranar Lahadi in tsaya a gaban mutane in maimaita.

Ta ce, "Na sani tun ranar da ka hana ni kira. Wanda ba shi da laifi ba ya tsoron waya." Ta gyara tabarau. "Ko ka faɗa, ni na ce ka yi. Wannan ba za ka iya cire mini ba. Yi aikinka."

Na zauna a gaban mai lamba ɗaya, ita ɗin dai da na yi kwana uku a kanta. Na ba da umarnin gogewa. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Mama ta jawo kujerar ɗalibi ta zauna kusa da ni, hannu a cinya, tana kallon layin da ke cika a hankali. Minti ashirin da 'yan kai kwamfuta ta tashi. Na buɗe wurin, na kuma buga umarnin baƙin allo don ta gani da idonta. Haɗi ɗaya.

Ta matso da fuska kusa da allo, ta bi layin da yatsa kamar tana duba takardar yaro.

Ta ce, "Shi ke nan? Haka kawai?"

Na ce, "Haka kawai, Mama."

Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana gyaɗawa. Sannan ta dafa tebur ta miƙe, ta ce, "Saura hamsin da biyu. In ka gama ka ja ƙofar, ba sai ka kulle ba."